Risala a Kan Ladubban Sallama ga Kwamfuta Mai Jama'a

Ka sani, ya kai ɗalibi, Allah Ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, cewa kwamfuta iri biyu ce. Akwai ta mutum ɗaya, wadda hukuncinta hukuncin shagon gwauro ne: mai shi ya tura ƙyaure ya shiga, ya tarar da kwanon jiya inda ya bar shi, ba mai ce masa daga ina. Wannan ba ta buƙatar risala. Akwai kuma mai jama'a, wadda mutum goma ko ɗari ko dubu ke aiki a cikinta lokaci guda. Ita hukuncinta hukuncin gidan haya ne: rijiya ɗaya, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ɗakuna barkatai, kuma kowane ɗan haya yana da yaƙinin maƙwabcinsa ne ke ɗibar masa omo. Saboda ta biyun nan muka ɗauki alƙalami, don an daɗe ana shigarta da ka.

Turawa suna kiran shigar login. Masu lugga sun bi kalmar har gindinta, suka tarar da gungumen itace. Matuƙan jiragen ruwa na da, in suna son sanin gudun jirgi, sai su ɗaura katako a igiya mai ƙulle-ƙulle su jefa a teku, su ƙirga ƙulli nawa ya zare kafin yashin agogo ya gama zuba. Littafin da ake rubuta ƙirgar ya ci sunan gungumen, daga baya duk wanda aka shigar da sunansa a littafin ƙofa sai a kira shigarwar da sunan gungumen. A bisa tahaƙiƙi ke nan, ma'aikacin da ya zauna gaban na'ura ƙarfe takwas na safe gungume yake jefawa a ruwa. Mu a nan za mu kira abin sallama, don ta fi kusa da hankali, kuma ba a jiƙewa.

Fasali a kan mafarin abin

Magabata ba su san sallama ba, saboda ba su san shiga ba. A shekarun 1950 mutum kan huda katunansa ya miƙa wa mai kula da na'ura ta taga, ya tafi gida, ya dawo washegari a sanar da shi cewa ya manta waƙafi ɗaya. Haka aka zauna har watan Nuwamba na 1961, lokacin da Fernando Corbató da jama'arsa a cibiyar MIT ta Amurka suka nuna wani tsari mai suna CTSS. Dabarar ita ce na'ura ta saurari wannan na ɗan lokaci, ta juya ga wancan, ta wuce ga na gaba, ta zagayo, da saurin da kowa zai ɗauka shi kaɗai take yi wa hidima. Wannan shi ne rabon kwana mafi adalci da tarihi ya gani, domin kwanan bai kai ƙiftawar ido ba, kuma ba wadda ta san tana da kishiya.

To amma da kayan kowa ya taru a rumbu ɗaya, dole a san na wane da na wane. Sai Corbató ya ba kowa suna da kalmar sirri. Kalmomin kuwa aka jera su a fayil guda, a rubuce ɓaro-ɓaro, aka dogara ga mutuncin masu ilimi.

Mutuncin bai shekara ba. A 1962 wani ɗalibin digirin digirgir, Allan Scherr, ya ga sa'a huɗu da aka yanka masa a mako ba za ta kai shi ko'ina ba. Bai fasa ƙofa ba, bai haura katanga ba. Ya lura akwai ƙa'idar da ta ba kowa damar neman a buga masa fayil a takarda, sai ya nemi a buga masa fayil ɗin kalmomin sirri. Daren Juma'a ya miƙa buƙata, da sassafen Asabar ya je ya ɗauki takardarsa. Ya kuma raba wa wasu, don in abin ya tonu kada ya zama shi kaɗai. Masana tarihi suna ƙirga wannan a matsayin satar kalmar sirri ta farko, kuma yana da kyau ɗalibi ya kiyaye cewa ta hanyar cike fom aka yi ta.

Akwai ta biyu da ta fi wannan armashi, ita ma a MIT cikin shekarun 1960. Ma'aikata biyu suna gyara a lokaci guda, ɗaya yana gyara sanarwar da ake nuna wa duk wanda ya shigo, ɗaya yana gyara fayil ɗin kalmomin sirri. Manhajar gyaran ta cakuɗa musu takardun wucin gadi. Daga nan duk wanda ya yi sallama, maimakon barka da zuwa, sai a shimfiɗa masa sirrin gidan gaba ɗaya. Ka riƙe wannan ƙissar, za mu buƙace ta a gaba. Corbató dai ya rayu har 2019, ya kai shekara 93, kuma kafin rasuwarsa ya faɗa wa 'yan jarida cewa abin da ya ƙirƙiro ya zame wa duniya mugun mafarki.

Fasali a kan masu tsaron zaure da nasabarsu

Siffar sallamar da za mu bayyana ta gidan Unix ce, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka aza harsashinsa a 1969 a ɗakunan binciken Bell, kuma Linux da danginta suka gaji al'adunsa.

Idan aka kunna na'ura, ma'aikaci na farko da ke tashi sunansa init, lambarsa 1, kuma duk wani ma'aikaci a gidan ɗansa ne ko jikansa ko tattaɓa-kunnensa. Shi ke tura yaro ɗaya kowace ƙofa. Sunan yaron getty, ma'anarsa a kamo teletayif. Teletayif kuwa wata na'ura ce mai kama da keken buga takarda, shahararriyar cikinsu ta fito a 1963, tana buga harafi goma a daƙiƙa da ƙara kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Yawancin masu sallama a yau ba su taɓa ganinta ba, amma yaron yana nan da sunansa, kamar unguwar da ake kira Bakin Kasuwa shekara hamsin bayan kasuwar ta tashi.

Aikin getty bai taka kara ya karya ba. Ya daidaita layi, ya rubuta login: a allo, ya zauna. Yakan zauna wata shida a haka bai ƙosa ba. Yana da fahimta guda ɗaya tak da ya gada daga kakanni. Da yake teletayif ta da ba ta da ƙananan baƙaƙe, in ka rubuta sunanka da manyan baƙaƙe zalla, tsohon getty sai ya yanke cewa na'urarka ce gajiyayya, a ci gaba da yi maka magana da manyan baƙaƙe har ka tashi. Wanda ya yi sallama da ihu, da ihu za a amsa masa.

Da ka faɗi suna, sai wani abu ya faru da ya kamata a tsaya a kansa. Yaron ba ya shiga ciki ya kira mai gadi. Rikiɗa yake yi ya zama mai gadin. Lambarsa tana nan, ƙofarsa tana nan, amma duk abin da ke cikin kansa an zubar an zuba na wani, wato manhajar da ita ma ake kira login. In ka ci jarrabawa, mai gadin ma zai rikiɗa ya zama hadimin da zai riƙa karɓar umarninka. Saboda haka yaron da ya karɓi sunanka, da mai gadin da ya tsare ka da tambaya, da hadimin da ke ce maka ranka ya daɗe, duk jiki ɗaya ne da ya sauya riga sau biyu. Wannan shi ne ra'ayin magabata. Mutanen baya sun saɓa kaɗan: a wurinsu mai gadin yakan haifi hadimin, shi kuma ya koma zaure ya jira ka gama don ya rufe littafi. Sun kuma sauke init daga kujerarsa a gidaje da yawa, suka naɗa wani mai suna systemd da ya bayyana a 2010. Rigimar da ta biyo bayan naɗin ta fi ƙarfin wannan 'yar risala.

Mas'ala: don me allo yake yin shiru?

Jahili yana zaton abin da ya danna shi ne yake fitowa a allo kai tsaye. Ba haka ba ne. Harafin yakan tafi can cikin na'ura, ita ce take maido maka da shi, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Da mai gadi ya zo tambayar kalmar sirri, sai ya ce a tsayar da amsa-kuwwar. Dalili kuwa teletayif a takarda take bugawa, takarda kuma kowa ya san ƙarshenta hannun mai ƙosai. Takardar ta wuce, shirun ya zauna.

Na ga aikin wannan shiru da idona a ɗakin kwamfuta na wata jami'a. Wani sabon ɗalibi, da takardar sunan shigarsa a ninke a aljihun gaba, ya rubuta suna lafiya lau. Aka tambaye shi kalma. Ya danna, bai ga komai ba. Ya sake dannawa da ƙarfi. Ya leƙa ƙarƙashin tebur ya taɓa waya. Ya ɗaga kibod ya kife ya girgiza, ɓawon gyaɗa biyu suka faɗo, ya hura, ya sake gwadawa da yatsa ɗaya a hankali kamar mai taɓa kan jinjiri. Sannan ya juya wajen mai kula da ɗakin.

"Malam, wannan fa ta mutu."

Malam bai ɗago daga jaridarsa ba. "Rubuta ka danna babban nan na dama."

"Wallahi na rubuta har sau huɗu, Malam."

"To ai ta ji ka duka huɗun. A jere take riƙe da su."

Babban fasali, a kan niƙa da gishiri

Yanzu mun iso cibiyar ilimin, kuma wanda ya yi gyangyaɗi a nan kada ya zargi kowa. Tambayar ita ce: ta yaya mai gadi zai tabbatar da kalmar da shi kansa bai sani ba? Domin gaskiyar magana, bai san ta ba. Ba wanda ya san ta a gidan, har mai gidan. Darasin Scherr ya shiga: abin da aka ajiye ana iya ɗauka, don haka kada a ajiye.

Roger Needham na Jami'ar Kambirij ta Ingila ne ake jingina wa dabarar, tun cikin shekarun 1960. Ranar da ka zaɓi kalma, ba ita ake ajiyewa ba. Injin niƙa ake kai ta, wani lissafi mai tafiya gaba ba ya dawowa, a ajiye garin a zubar da tsabar. Injin yana da halaye biyu da ba a samu a injin unguwa: tsaba iri ɗaya kullum gari iri ɗaya take bayarwa, ba ragi ba ƙari, sannan in ka sauya ƙwaya ɗaya tak, garin gaba ɗaya sai ya fito daban. Gari kuwa ba ya komawa tsaba. Duk ranar da ka zo sallama, mai gadi zai karɓi abin da ka faɗa, ya niƙa, ya ɗora kusa da garin da ke ajiye. In sun yi daidai, bismilla. Bai gane ka ba, bai tuna fuskarka ba. Gari ya gani ya yi kama da gari.

Robert Morris da Ken Thompson sun bayyana irin injin da suka ɗora wa Unix a wata maƙala ta 1979. Sun ɗauko lissafin ɓoye saƙo da ake kira DES suka sa a maimaita shi sau 25, da gangan don ya yi nauyi. Mai gaskiya sau ɗaya zai niƙa, ba zai ji komai ba. Ɓarawo mai gwada kalma miliyan shi zai ji a jikinsa. Wannan yana daga cikin wurare ƙalilan a tarihin injiniyanci da aka yaba wa mutum don aikinsa ba ya sauri. Injin yana da wani hali da ba a cika faɗa wa jama'a ba: haruffa takwas na farko kawai yake karɓa. Mutum zai zauna ya tsara kalma mai harafi talatin, ya haddace ta da ƙyar, ya riƙa rubuta ta kowace safiya cikin alfahari, alhali ashirin da biyun ƙarshe sadaka yake yi wa iska.

Sai gishiri, kuma haka sunansa yake a littattafansu, ba mu muka laƙaba ba. In 'yan haya biyu suka zaɓi kalma ɗaya, garinsu zai zo ɗaya, kowa ya gane sirrin ɗan'uwansa. Mafi muni, ɓarawo zai iya niƙe ƙamus gaba ɗaya sau ɗaya, ya ƙulla garin a leda-leda, ya riƙa yawo gida-gida yana gwadawa. Maganin shi ne kafin a niƙa kalmar kowa a barbaɗa mata ɗan gishiri da aka zaɓa da ka. A tsohon Unix gishirin iri 4,096 ne, don haka mai ƙamus sai ya yi niƙa 4,096 maimakon ɗaya. Sakamakon duka haruffa 13 ne, biyun farko su ne gishirin. Abin da ke ɗaure wa sabon ɗalibi kai shi ne gishirin ba sirri ba ne, a fili ake rubuta shi a jikin garin. Ba a sa shi don ya ɓuya ba, an sa shi don kowa ya yi wahalarsa daban. Injinan zamani, irin su bcrypt da ya fito a 1999, sun ƙara nauyi, sun ƙara gishiri har ya fi ƙarfin ƙirga, amma girkin bai sauya ba.

Duk wannan hikima tana da ƙofa ɗaya a buɗe. Ɓarawo ba zai mai da gari tsaba ba, amma zai iya cankar tsabar. Morris da Thompson sun tattara kalmomin sirri 3,289 na mutanen zamaninsu, suka tarar kashi 86 cikin ɗari gajeru ne ko kuma suna kwance a ƙamus da jerin sunaye. Masu kalmomin nan ba 'yan tasha ba ne, masana kwamfuta ne na farkon zamani.

Fasali a kan littafin 'yan haya

Sunayen mutanen gida suna cikin wani fayil da ake kira /etc/passwd. Kowa layi ɗaya, kowane layi gida bakwai, ɗigo biyu ke raba gida da gida. Ga misalin wani bawan Allah da za mu kira Tanko:

tanko:x:1003:1003:Tanko:/home/tanko:/bin/sh

Gida na farko suna ne, kuma shi ne mafi ƙarancin daraja. Don ɗan Adam aka yi shi. Na'ura lamba ta sani, wadda ke gida na uku. A wurinta babu Tanko, akwai 1003, kuma duk fayil ɗin da ya mallaka 1003 aka buga masa a goshi. Daga nan masana suka fitar da hukuncin cewa in Tanko ya tashi aka ba sabon ɗan haya lambarsa, sabon ya gaji duk abin da Tanko ya bari. Gado ke nan ba tare da an yi mutuwa ba.

Mai gida sunansa root, wato saiwa, yana buɗe kowane ɗaki, yana karanta kowace wasiƙa, yana iya rushe gidan da layi ɗaya ba a tambaye shi ko ya tabbata ba. Amma ikon ba a sunan yake ba, a lambar yake, kuma lambar ita ce 0. Duk wanda aka rubuta wa sifili a gida na uku ya zama mai gida, ko da sunansa Ɗan-iya. Mafi iko a gidan sifili ne. An sha jawo hankalin masu mulki ga wannan mas'ala, ba su ce komai ba.

Gida na huɗu lambar ƙungiya ce, na shida ɗakinka, na bakwai hadiminka. Hadimin nan sunansa a wurinsu ɓawo, domin can tsakiyar tsarin akwai ƙwaya, kuma ba a barin ɗan haya ya taɓa ƙwaya sai ta bayan ɓawo. Duk wanda ya taɓa ɓarar gyaɗa ya riga ya yi rabin karatun. Gida na biyar, inda ake sa cikakken suna, ana kiransa GECOS, sunan tsarin wata babbar na'urar kamfanin General Electric da mutanen Bell ke aika wa aikin buga takarda. Kamfanin ya sayar da sashensa na kwamfuta tun 1970. Gidan yana nan da sunan.

In ka duba littafin da kyau za ka ga 'yan hayar da ba mutane ba. Akwai wanda sunansa Ba-kowa, lambarsa a gidaje da yawa 65534, ana ba shi ayyukan da ba a yarda da su ba, don in an yi ɓarna a ce Ba-kowa ne ya yi. Irin waɗannan akan rubuta musu a gida na bakwai wani hadimi mai suna false, wanda aikinsa kaf shi ne ya tashi, kada ya yi komai, ya kai rahoton cewa bai yi nasara ba. An ce ba a taɓa samunsa da sakaci a bakin aiki ba.

Saura gida na biyu, inda ka ga x. Da can garin kalmar sirri a nan yake zaune, kuma littafin a buɗe yake ga kowa, tunda manhajoji da yawa suna buƙatarsa don su mai da lamba suna. Magabata sun ce ba komai, ai gari ne. Da na'urori suka ƙara sauri, sai kowane ɗan haya ya iya kwafe littafin ya tafi da shi ɗaki ya yi ta canka a tsanake. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wajen ƙarshen shekarun 1980 aka fara kwashe garin zuwa wani fayil da ake kira inuwa, wanda talakan gida ba ya iya buɗewa, aka bar x tana gadin kango.

Mai kaifin basira zai ce: to yaya Tanko yake sauya kalmarsa a fayil ɗin da ko leƙa shi ba ya iyawa? Amsa ita ce alkyabbar aro. Akwai alama da ake sa wa wasu manhajoji, wadda ke sa duk wanda ya kira su, su yi aiki da ikon mai su. Manhajar sauya kalma ta mai gida ce, don haka tana yafa alkyabbarsa na ɗan lokaci, ta gyara layin Tanko, ta tuɓe. Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro dabarar, har aka ba shi takardar mallakar fasaha a 1979. Fasa gidaje da yawa da aka yi daga baya, asalinsa hadimi ne da aka yaudara yana sanye da alkyabbar.

Fasali a kan hukunci

In gari bai yi daidai ba, mai gadi yakan yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku. Ba tunani yake yi ba, ya gama tun tuni, so yake mai canka ya tsufa a ƙofa. Sannan ya ce shigar ba daidai ba ce. Ba zai ce maka sunan ne ko kalmar ce ba. Ko ka kawo sunan da babu shi a duniya, zai tambaye ka kalmar sirri cikin ladabi, ya saurara, ya yi shirunsa, ya ba ka amsa iri ɗaya, don kada baƙo ya gane su wa ke kwana a gidan. Gidaje da yawa suna da littafin waɗanda aka kora, inda ake rubuta sunan da suka bayar. An hana talakawa karanta shi, saboda an gano cewa mutane cikin gaggawa sukan rubuta kalmar sirrinsu a gurbin suna.

In kuwa gari ya yi daidai, akwai tsari da ba a saɓawa. Har zuwa wannan lokaci mai gadi da ikon sifili yake aiki. Zai mallaka maka ƙofar da ka shigo ta ita, ya rubuta ka a littafin waɗanda ke ciki da littafin tarihi, ya sa ka a ƙungiyoyinka, sannan a ƙarshe ya ajiye sifili ya ɗauki lambarka. Dole ƙungiya ta riga lamba, domin wanda ya tuɓe rawani ba ya naɗa kowa. Daga nan ya kai ka ɗakinka, ya gaya maka yaushe ka shigo na ƙarshe da ta wace ƙofa, ya nuna maka sanarwar yau. Masana sun haɗu a kan cewa ba a taɓa karanta wannan sanarwa ba, in ban da ranar nan ta MIT. Sai hadimi ya bayyana da alamarsa. Ga talaka alamar dala, ga mai gida alamar shinge.

Fasali a kan saɓanin mazhabobi

Akwai masu sassauci. Shugabansu Richard Stallman, wanda da aka kawo kalmar sirri ɗakin bincikensu a MIT a 1977 ya bi mutane yana ba su shawarar su bar gurbin wayam, su danna babban maɓalli kawai. An ruwaito kusan ɗaya cikin biyar sun bi shi. Akwai masu tsanantawa, waɗanda suka dogara da wata takarda da Bill Burr na hukumar ma'aunai ta Amurka ya rubuta a 2003: a cakuɗa babban baƙi da ƙarami da lamba da alama, a kuma riƙa sauyawa a kai a kai. Amfanin da aka samu shi ne bunƙasar 'yar takardar da ake liƙawa a ƙarƙashin kibod. A 2017 Burr ya fito ya ce ya yi nadamar yawancin abin da ya rubuta, amma mabiya ba su ji ba, ko sun ji sun ga ya makara.

Su kansu magabatan fa? An tono wani tsohon littafin 'yan haya a cikin kayan Unix na Jami'ar Bakli, masu sha'awa suka zauna canka. Stephen Bourne, wanda ya rubuta shahararren ɓawon da ke ɗauke da sunansa, kalmarsa bourne. Brian Kernighan ya zaɓi /.,/., don maɓallan uku maƙwabtan juna ne. Wanzami ba ya son jarfa. Ta Ken Thompson ce ta yi gardama har 2019, lokacin da wani mai suna Nigel Williams ya sa na'ura ta yi kwana huɗu da 'yan kai tana niƙa, ta fito da p/q2-q4!, wato buɗe wasan darar ces da tura sojan gaban sarauniya taki biyu.

Shi kuwa Robert Morris mai gishiri, ɗansa ne, Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta ranar 2 ga Nuwamba 1988. Cikin dabarunta akwai gwada sunan mutum a matsayin kalmarsa, da sunan a juye, da wani jerin kalmomi 432 da ta ɗauko a jaka. An ƙiyasta ta kwantar da na'urori wajen 6,000. Uban ya rubuta cewa mutane ba su iya zaɓen kalma ba, ɗan ya kawo hujja. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kotu ta yanke masa tara da aikin gayya na sa'a 400, daga baya ya zama farfesa a MIT.

Tanbihi

Duk abin da ya gabata a kan mai gadi yana tuhumar baƙo ne. Ba a cika tambayar wa ya tantance mai gadin ba. Tsohuwar dabarar ɗalibai ita ce mutum ya rubuta 'yar manhaja mai kama da getty sak, ya bar ta a allo ya koma gefe. Na gaba ya zo ya ba ta suna da kalma, ta adana, ta ce masa shigar ba daidai ba ce, ta ɓace. Shi kuma ya zargi yatsunsa. Don toshe wannan ne Windows NT ta 1993 ta wajabta danna maɓallai uku tare kafin sallama, kiran da ƙwaya kaɗai ke amsawa. Masu sallama daga nesa su ma sun daɗe suna aika kalmarsu tsirara a kan waya, sai da aka kwashe na jama'a a wata jami'a ta Helsinki sannan Tatu Ylönen na jami'ar ya rubuta SSH a 1995, ya suturta ta.

Thompson ne ya kai maganar inda ba a dawowa. A jawabinsa na karɓar lambar Turing, wanda aka buga a 1984, ya nuna yadda za a koya wa manhajar da ke ƙera manhajoji ta riƙa saka wa mai gadi wata kalma ta ɓoye duk lokacin da ta ƙera shi, ta kuma riƙa saka wa kanta wannan hali duk lokacin da aka sake ƙera ta. Ka karanta rubutun mai gadi layi-layi ba za ka ga komai ba, ka karanta na maƙerin ba za ka ga komai ba. Aka tafa masa, kowa ya koma ofis ya yi sallama kamar kullum.

Fasali a kan fita

Fita kalma ɗaya ce, exit, ko maɓallai biyu. Da ka faɗe ta hadimi ya mutu nan take, a rubuta lokacin a littafin tarihi, labari ya kai ga lamba 1, shi kuma ya tura sabon yaro ƙofar, wanda bai taɓa jin sunanka ba. Wanda ya tashi bai yi sallamar fita ba, a wurin na'ura yana nan zaune, kuma duk wanda ya hau kujerar bayansa shi ne 1003, da ɗakinsa da wasiƙunsa. Ɗalibin nan mai ɓawon gyaɗa, da ya samu shiga a gwaji na uku, ya yi aikinsa na awa guda, ya kashe allo ya ɗauki jakarsa. Kafin la'asar duk 'yan ajinsu sun samu wasiƙa daga gare shi, yana gayyatarsu walimar ƙarin aure, alhali ko na farkon bai yi ba.